Gaisuwar Sallah daga Alƙahira

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Na yi Idi a masallacin Azhar, maƙwabta suka cika min faranti da kahk, biskit ɗinsu na Sallah mai garin sukari a kai. Da daɗi, amma duk raina yana kan tuwon Inna da miyar taushe.

Baba, a ba Auta takardar nan. Jiya a waya na ji muryarta ta raunana kan lissafin WAEC, shi ya hana ni sukuni.

Auta, wannan lissafin mai x da y cinikin kasuwa ne kawai. A ce Inna ta sayi kaji 3 da zabbi 2 a naira 29,000, Goggo kuma kaji 2 da zabo 1 a 17,000. Kira kuɗin kaza x, na zabo y:

3x + 2y = 29,000
2x + y = 17,000

Ba ki iya kama tsuntsayen biyu a tare, don haka ki kori ɗaya. Sai dai zabo ba ya koruwa sai yawansa ya zo daidai sama da ƙasa. To ki ɗauka Goggo ta koma kasuwa ta sake irin cinikin nan: 4x + 2y = 34,000. Nan nake so ki natsu. In kika ninka kaji da zabbi, dole ki ninka kuɗin, mai kaji ba zai ba ta kyauta ba. Yara da yawa nan suke zamewa.

Yanzu ɗebe cinikin Inna daga na Goggo da kika ninka. Zabbi sun tafi, saura kaza ɗaya a 5,000. Kaji biyun Goggo 10,000 ke nan, ragowar 7,000 kuɗin zabo. Kada ki miƙa takarda sai kin gwada a layin Inna: 15,000 da 14,000 sun ba da 29,000.

Baba, wannan zai yi muku daɗi: sunan darasin ma daga Larabci ya fito, aljabru, daga littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820.

Goron Sallar yara yana hanya. A gaida Goggo da su Kawu. Auta, ki canja kuɗin, ki yi biyu da kanki, ki turo min hoton kafin Juma'a.

Wassalam,
Ɗanku