Roƙon Tallafi Domin Gyaran Ɗakin Haihuwar da Ke Ƙarƙashin Kulawar Masallacinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu malamai, dattawa, 'yan uwa maza da mata, kwamitin masallaci yana sake miƙo muku ƙoƙon bararsa a kan ɗakin haihuwar da kuka gina da guminku a gefen harabar masallaci. Duk wanda ya leƙa shi a kwanakin nan ya ga halin da yake ciki. Kwanon rufin ya ɓule ta wurare da dama, silin ya jiƙe ya fara zubowa, har ta kai ana jan gadon mai naƙuda daga wannan kusurwa zuwa waccan idan ruwan sama ya sauko. Tankin ruwa ya tsage, famfon da ke bakin ƙofa ya daɗe da ƙafewa, batiran sola kuma sun mutu, don haka ungozomarmu takan karɓi haihuwar dare da fitilar waya a baki, hannayenta biyu suna kan aiki. Mun ga wannan da idonmu, kuma tun daga ranar hankalinmu bai kwanta ba.

Akwai masu cewa jinya ba aikin masallaci ba ce. Muna tunatar da su cikin girmamawa cewa a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tantinta tana kula da waɗanda suka ji rauni, kuma lokacin da kibiya ta sami Sa'ad ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, a tantinta aka yi umarnin a kwantar da shi domin a riƙa duba shi daga kusa. Sayyidina Umar kuwa, da ya ji kukan jariri cikin dare ya gano cewa uwar tana gaggawar yaye shi ne domin ba a ba yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi, sai ya mayar da kason ya zama tun daga ranar haihuwa. A Andalus, wajen shekara ta 1000 miladiyya, likita Abul Ƙasim az-Zahrawi ya rubuta wa ungozomomi bayanin yadda za su yi idan ɗa ya zo ba daidai ba. Wannan gadonmu ne, mu ne muka yi sakaci da shi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne maganar ruwa, kuma tarihi ya nuna dalili. A babban asibitin Viyana na ƙasar Ostiriya, zazzaɓin bayan haihuwa ya riƙa kashe mata a ɓangaren da likitoci da ɗalibansu ke aiki fiye da ɓangaren ungozomomi nesa ba kusa ba. Wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa likitocin suna baro ɗakin binciken gawarwaki ne su wuce kai tsaye wurin masu naƙuda. A watan Mayun 1847 ya tilasta wa kowa wanke hannu da ruwan sinadarin kilorin kafin ya taɓa mace, sai mace-macen suka sauko daga kusan 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa kusan 2 cikin 100 a watannin da suka biyo baya. Ba a kawo sabon magani ba, ba a gina sabon asibiti ba. Yau fiye da shekara 170 ke nan da sanin wannan, amma ga mu, al'ummar da ke alwala sau biyar a rana, mun bar ɗakin da ake haifar 'ya'yanmu babu ruwan da za a wanke hannu ko a tafasa almakashin yanke cibiya.

Haka nan maganar horarwa. Florence Nightingale, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, bayan abin da ta gani a yaƙin Kirimiya, ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, domin ta fahimci cewa tausayi kaɗai ba ya isa sai an haɗa shi da ilimi. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, a 1978, da kwalaben ɗumama bakwaini suka yi ƙaranci, likitoci suka koya wa iyaye mata su rungume jariransu a ƙirji, fata da fata, kuma wannan dabara ta yaɗu a duniya har yau. Ma'aikaciyar da ta yi karatu ita ce take gane zubar jinin da ya wuce kima, take gane alamun jijjiga tun a wurin awon ciki, take sanin lokacin da ya wajaba a garzaya babban asibiti. 'Yan mata biyu da kwamiti ya ɗauki nauyinsu a makarantar ungozoma suna dab da kammalawa, amma ana bin mu kuɗin zango, kuma ungozomarmu tilo shekaru sun fara cim mata.

Ba mu manta da alherinku ba. Muna tuna dattijuwar da ta kawo ɗan abin da ta jima tana tarawa, ta ce a sa mata shi a ginin saboda 'yarta da ta rasu wurin haihuwa, kuma ta hana a ambaci sunanta. Muna tuna matasan da suka yi aikin ginin kyauta. Allah Ya saka musu da Aljanna. Sai dai dole mu faɗi gaskiya: a taron da ya gabata an ɗaga hannuwa da yawa, an rubuta alkawura sun cika takarda, amma abin da ya shigo hannun ma'aji bai kai rabi ba, kuma shi ma ya tafi a sayen safar hannu, auduga da magungunan gaggawa. Ba mu kama sunan kowa ba, mun san yau da gobe sai Allah, amma alkawari kaya ne, kuma kowannenmu mace ce ta ɗauke shi cikin wahala a kan wahala, kamar yadda Allah Ya faɗa a Suratu Luƙman.

Muna buƙatar sabon rufi, tanki da gyaran famfo, batiran sola, da biyan bashin makarantar ɗaliban nan biyu. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai kwano ko siminti ya kawo, mai sana'ar hannu ya ba da yini guda. Ma'ajin kwamiti zai zauna a ƙofar masallaci bayan kowace sallar Juma'a, 'yan uwa mata kuma su miƙa nasu ta hannun shugabar sashen mata. Wanda ke shakka ya zo mu buɗe masa ɗakin ya gani. Akwai mata da dama a rajistar awon ciki da watansu ya kusa kamawa, kuma muna son a fara da ruwa da wuta kafin lokacinsu ya yi.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya abin da suka haifa, Ya sanya abin da kuka bayar cikin mizaninku.

Wassalam,
Kwamitin Masallaci