Wasiƙa: Akuyata tana nan a ƙarƙashin gado

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamar firamare ce a Funtuwa, shekarata 19 da alli a hannu, yawancinsu a aji biyu. Ina kuma rubuta wa yara labarai, ko da yake in na faɗi haka a taron marubuta sai a yi murmushi a ce, "Allah sarki Malama, to yaushe za ki rubuta babban littafi?"

Littafina na farko shafi 16 ne kacal. Labarin wata akuya ce da ta bi mai tallar ƙosai har cikin makaranta. Wata 7 na yi ina fama da shi. Duk mai ganin abin wasa ne, ya gwada ba da labari mai daɗi da kalmomin da ɗan shekara 7 zai iya haɗa baƙaƙensu shi kaɗai. Ranar da na fara karanta wa 'yan ajina, da na zo inda na rubuta "akuya ta yi matuƙar mamaki", sai wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, matuƙar mota?" Aji ya kwashe da dariya. Da na koma gida na soke, na sa "akuya ta tsaya cak, ta saki baki". Washegari ina karantawa suka saki nasu bakin suna kwaikwayonta. Su ne editocina, ba sa karɓar ko sisi, ba sa kuma jin kunyar kowa.

Daga nan sai zane. Mai littafin manya hoton bango kawai yake nema, ni kuwa kowane shafi sai da hoto, mai launi kuma, domin yaro hoto yake fara karantawa kafin baƙi. Wanda na samu, sana'arsa rubuta allunan shaguna da zane a bayan manyan motoci. Hannunsa da kyau, amma akuyar da ya fara kawo mini irin ta Turai ce, fara sol, ga gashi har ƙasa, ga ƙararrawa a wuya. Sai da na sa ƙanena ya kai shi kara ranar kasuwa, ya zauna ya ƙare wa jar akuyarmu kallo, irin wadda ake taƙama da fatarta daga Sakkwato har Maraɗi. Ladan zanen ya lashe albashina na wata guda, kuma wallahi bai tsawwala mini ba.

Da na kwashi adashi na nufi wata maɗaba'a a Kaduna, aka buga mini kwafi 500. Ina buɗe katan na farko gabana ya faɗi: duk lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ta zube. Inda na ce "Baƙi sun cika gida" ya koma "Baki sun cika gida". Mai maɗaba'ar ya ce, "Haba Hajiya, ai duk ɗaya ne, kowa zai gane." Babba zai gane. Yaron da jiya-jiya na koya masa bambancin kafa da ƙafa fa? Dare huɗu muka yi ni da 'ya'yana mata biyu, kowa da baƙin biro, muna bin shafi-shafi muna yi wa baƙaƙe ƙugiya.

Sayarwa ita ce ta fi ba ni kashi. Yaro ba ya riƙe kuɗin littafi, abin da ke hannunsa na awara ne. Wani mai makarantar kuɗi ya juya littafin ya yaba, sannan ya ce, "Da na Turanci ne da mun ɗauka, iyaye ba don Hausa suke biya ba." Masu shago a Kano suka ce in ajiye, in an saya sa neme ni. Littattafan soyayya sun yi kasuwa a Kano tun shekarun 1980 domin wadda za ta karanta ita ce mai saye, ko ta karɓa haya. Namu kuwa mai so ba shi da kuɗi, mai kuɗin kuma hankalinsa na wani wuri. Yau shekara 4, katan biyu na nan a ƙarƙashin gadona, gara ma ta ɗan taɓa ɗaya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, da ba haka ake yi ba. Marigayi Abubakar Imam malamin makarantar Midil ta Katsina ne. A 1936 aka ɗauke masa aji, aka kai shi Zariya wurin Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi, ya zauna wajen wata 6 ba abin da yake yi sai rubuta Magana Jari Ce. Bai yi adashi ba, bai bi shaguna da kaya a kai ba. Hukuma ta ɗauki nauyin bugawa, ta kai makarantu. Bayanta aka yi NORLA, hukumar adabi ta Arewa, sannan a 1966 aka kafa NNPC ta Zariya, ta littattafai nake nufi, ba ta man fetur ba. Muna yawan yabon baiwar Imam, kuma ya cancanta, amma mukan manta cewa baiwar ta samu tebur da albashi da mai gyara.

Ba zan yi butulci ba, an ɗan motsa. Littattafan Mu Karanta da aka raba a Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka sun kai Hausa hannun yara masu yawa. Ni ma wata ƙungiya ta taɓa kiranmu bita a otal, kwana 5, muka rubuta gajerun labarai, aka ba mu kuɗin mota da na zama, muka sa hannu a takarda. Daga baya na ga labarina a hannun wani yaro, an buga shi tsaf, ga tambura reras a bango, sunana kuwa ko sama ko ƙasa. Na yi murna, na kuma ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Da shiri ya ƙare, aiki ya ƙare. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG kuwa, dala 100,000, takan zagayo kan littattafan yara duk bayan shekara 4, amma da Turanci ake shiga.

To ga abin da ya kawo ni, ranka ya daɗe. Kuna da shafin siyasa, da na wasanni, da na finafinai. Ku ba yara rabin shafi duk mako: labari ɗaya da manyan baƙaƙe, da hoto ɗaya. Ku sa sunan marubuci, ku sa na mai zane, ku biya su ko da kuɗin cefanen kwana biyu ne. Uban da ba zai sayi littafin Hausa ba yana shiga gida da jaridarku, ko ya buɗe ta a waya, yaro kuma na gefensa yana leƙe. Mu malamai za mu yanke shafin mu manna a bangon aji. Na san malamai da dama da ke da irin labaran nan a littafin rubutu mai layi, sun rasa inda za su kai.

Na haɗo da labarin akuyar a cikin wannan wasiƙa, tare da hotunansa. In kun ga ya yi, bismillah. Don Allah dai a ce wa mai buga rubutu ya kula mini da lanƙwasa, idona ba zai ƙara jure dare huɗu ba.

Taku a kullum,
Malamar aji biyu, Funtuwa, Jihar Katsina