Filin jirgin Kaduna namu ne mu ma, mutanen Zariya

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina yi maka fatan alheri, kai da ma'aikatanka baki ɗaya. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini rai.

Ni direban shata ne a Zariya. Na yi shekaru ina lodin Kaduna daga Kwangila a motar mutane, kafin Allah ya hore mini tawa, daga nan na koma jigilar baƙi tsakanin filin jirgin sama na Kaduna da garinmu. Da wannan sana'a na yi aure, da ita nake biya wa yara kuɗin makaranta. Saboda haka maganar da zan yi ba ta ji-ta-ji-ta ba ce.

Duk lokacin da aka tashi zancen filin jirgin Kaduna a rediyo ko a jarida, lissafin da ake yi na mutanen cikin garin Kaduna ne da manyan baƙinsu daga Abuja da Legas. Ban taɓa jin an sako Zariya a ciki ba. Alhali mu ma filinmu ke nan. Babu wani wurin da jirgin fasinja yake sauka da ya fi shi kusa da mu. Kimanin kilomita 80 ne zuwa Kaduna, ka bi ta Jaji da Mararrabar Jos, ka shiga Kawo ka karya ta Mando, sai ga ka a bakin ƙofa. Ranar da wannan fili ya yi shiru, Zariya ta ji a jikinta, ko da kuwa babu wanda ya zo ya tambaye mu.

Wanda bai san garinmu ba zai ce me Zariya take yi da jirgin sama. To, ya zo ya zauna a gaban motata ya ga waɗanda nake ɗauka. Akwai malaman da Jami'ar Ahmadu Bello take gayyatowa daga wasu jami'o'i su duba aikin masu neman digiri na biyu da na uku. Akwai likitocin da ke zuwa asibitin koyarwa na Shika, wani don aiki, wani don jarrabawar ƙananan likitoci. Akwai masu zuwa kwas a cibiyar koyar da fasahar sufuri ta hanyar Basawa, da masu bincike da ke da hulɗa da cibiyar binciken noma ta Samaru, da injiniyoyin da ake kira in wata na'ura mai tsada ta tsaya. In lokacin yaye kuratan soja ya yi a Dafo, iyaye daga kudu sukan cika gari. Ga 'yan kasuwar Sabon Gari masu zuwa Legas duba kaya su dawo a cikin kwana biyu. Kusan duk waɗannan mutane ne masu ƙarancin lokaci. In tafiya ta yi musu wuya, ba sa yin faɗa da kowa, cewa kawai suke yi a ɗage sai wani jiƙon, wani jiƙon kuma sau da yawa ba ya zuwa.

Mun ga abin da wannan fili zai iya a 2017. A ranar 8 ga Maris ta wannan shekara aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin saukar jiragensa, aka karkato da jiragen zuwa Kaduna. Kamfanonin ƙasashen waje da yawa sun ƙi zuwa, amma na Habasha ya zo, har da babban jirginsa ƙirar Boeing 787. Kafin ranar, an gyara hanya, an ƙarasa ginin fasinjoji cikin gaggawa, an zuba jami'an tsaro ta ko'ina. Motocin safa suna kwasar mutane zuwa Abuja da rakiyar 'yan sanda. A makonnin nan ko wurin ajiye mota sai ka yi da gaske kake samu. Abin da na riƙe daga wannan lokaci shi ne, in gwamnati ta ga dama, cikin 'yan watanni take tayar da fili. Ta ga dama ne a lokacin saboda manya ne za su sauka.

Bayan nan abubuwa suka fara lalacewa, kuma ba a ɓoye suka lalace ba. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gandun daji ta Afaka. A watan Agusta suka shiga makarantar horar da hafsoshin soja. Duka wuraren nan maƙwabtan filin jirgin ne. Mu da muke bin hanyar mun riga mun daina yarda da ɗaukar fasinjan jirgin dare, in kuwa dole ta kama, sai mu jira juna mu fito a jere. Sai ranar 26 ga Maris, 2022, suka zo har gefen titin saukar jirage suka kashe wani mai gadi na hukumar kula da sararin samaniya, Allah ya jiƙansa. Kwana biyu tsakani suka tare jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da 60. Kamfanonin jiragen sama suka janye. Babu wanda ya sa kwaɗo a ƙofar filin, ma'aikata suna zuwa aiki, tuta tana sama, amma kimanin wata biyu babu jirgin fasinja. Jirgin ƙasa kuwa bai dawo ba sai 5 ga Disamba. Hanyar mota ta Abuja a lokacin kowa ya san halin da take ciki. Ga shi kuma malaman jami'a sun shiga yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, ba su janye ba sai Oktoba. Shekarar ta haɗe mana ta kowace fuska.

A waɗannan watanni duk mai son jirgi daga Zariya sai ya nufi Kano, filin Malam Aminu Kano. Tafiyar ta kusa ninka ta Kaduna, kuma a lokacin ana kan aikin hanyar, ga karkata nan da can, ga ƙura, ga manyan motoci a hannu ɗaya da ƙanana. Ba zan manta da wani dattijo da na ɗauka daga cikin birni ba, mai ciwon ƙashin baya, za a fitar da shi neman magani. Ba ya iya zama. Muka kwantar da shi a kujerar baya, aka tattokare shi da matasan kai, ɗansa ya durƙusa a ƙasan mota yana riƙe da kafaɗunsa. Duk inda kwalta ta ƙare muka gangara kan tsakuwa, sai in ji ya ja numfashi ta haƙora yana salati a hankali, don kada ya tayar wa ɗan da hankali. Na yi tafiyar nan a giya ta biyu a wurare da dama, na bayana suna ta danna mini oda. Da muka wuce Kwanar Ɗangora ya ce, "Ɗana, tsaya kaɗan in huta." Muka tsaya a gindin wata bishiya, ɗan yana yi masa fifita da takardun asibiti. Jirginsu na safe ne, ba a kuma bin hanya da tsakar dare, don haka tun ana gobe muka tafi, suka biya kuɗin masauki, suka biya ni kuɗin kwana. Da ta Kaduna ce, da bayan sallar asuba za mu tashi, ya sha wahalar sa'a ɗaya da 'yan mintoci kawai.

Wannan na fasinja ke nan. Akwai kuma mu da muke ci a gefen filin. Mai shayin da ke dafa mana indomi in jirgi ya yi latti, da masu wankin mota, da yaran da ke tura kaya, da mai faci a bakin hanya, da matar da ke kawo shinkafa da wake a kula. Waɗannan ba su da albashi, ranar da jirgi bai sauka ba, ranar ba a ɗora tukunya da kuɗin filin ba. A cikin abokan sana'ata na Zariya akwai wanda ya sayar da motarsa ya sayi Keke Napep yana jigila tsakanin PZ da Samaru. Akwai wanda motar ta bashi ce, mai ita ya karɓe. Ni kaina na koma bin layi a tasha, abin da na ɗauka na bari har abada. A nan gari kuma masu masaukin baƙi na GRA da Kongo sun san yadda ɗakunansu suka zauna babu kowa.

Da jirage suka dawo mun yi murna, amma a ganina har yau filin bai koma yadda muka san shi ba. Ciwon yanzu rashin tabbas ne. Mutum ya sayi tikiti, in ɗauko shi daga Samaru da sassafe, mu kai Rigachikun sai saƙo ya shigo wayarsa cewa an ɗage tashi zuwa yamma, ko an soke. In lokacin hunturu ne a ce hazo. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, aka sake yi masa, in zai yi tafiya ta gaba cewa yake, "Malam, mu wuce Kano kawai." Filin jirgi kamar kasuwar ƙauye yake: in masu saye suka zo ranar kasuwa suka tarar ba ta ci ba, mako mai zuwa ba za su zo ba, masu kaya kuma su ce ai babu masu saye. Kamfani ya duba ya ga kujeru babu mutane ya rage jirage, mu kuma mu ga jirage sun ragu mu ƙara gudu. Ba na ɗora wa kamfanonin laifin duka. Man jirgi ya yi mummunar tsada tun 2022, kayan gyaransu da dala ake saye, ba kuwa wanda zai tashi jirgi don ya yi asara. Amma wani ne ya kamata ya shiga tsakani ya tsinke wannan zagaye, kuma ba direban shata ba ne zai iya.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce: talaka yana fama da kuɗin masara, ana yi masa zancen jirgin sama. Ina ganin girman wannan magana, domin ni ma ban taɓa zama fasinjan jirgin da nake kai mutane ba. Sai dai likitan da ya sauka daga jirgin, talaka zai duba a Shika. Malamin da ya fasa zuwa, ɗan talaka ne zai ƙara wata shida bai kare kundinsa ba, yana biyan kuɗin haya a Samaru. Maniyyatanmu da ke taruwa a sansanin alhazai na Mando, da yawansu manoma ne da suka shekara suna tari. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, bambancin zuwa Kaduna da zuwa Kano a kuɗin shata ba ƙaramin abu ba ne, kuma daga aljihun iyalin mara lafiya yake fita.

Akwai masu cewa to me ya hana a buɗe namu na Zariya. Gaskiya ne muna da fili a Palladan, na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa tun 1964, wadda muke kira Abiyeshan. Kowane yaro a Hanwa da Kwangila ya tashi yana ganin ƙananan jiragenta suna shawagi a kansa. Daga nan matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hanya na ƙasar nan da dama suka fito, har da Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, wadda daga baya ta dawo ta shugabanci kwalejin. Abin alfaharinmu ne. Amma ni ba na cikin masu neman a mai da shi tashar fasinja, ko da yake da an yi hakan aikina zai zo har ƙofar gida. Filin koyo ne. Ɗalibi yana buƙatar sama da ƙasa su zama nasa, ya tashi ya sauka ya sake tashi ba tare da an tsayar da shi don wani jirgi ba. Kuma fasinjojin da suka kasa cika jirgi a Kaduna, in aka raba su gida biyu, duka filayen ne za su kwanta. Mun ga jihohi sun zuba biliyoyi sun gina filaye, ga gini mai kyau, jirgi kuwa sai na gwamna. Ita kanta hukumar kula da filayen jiragen sama ta sha faɗin cewa kaɗan ne daga cikin filayenta suke iya riƙe kansu. A bar wa Abiyeshan aikinta, a ƙara mata kayan koyarwa, a kuma raya na Kaduna.

Roƙona na farko ga Gwamna Uba Sani da hukumomin tarayya shi ne tsaron filin da dajin da ke bayansa da hanyar Mando ya zama na kullum, kada ya zama sai an ji babban baƙo zai sauka. A gyara fitilu da na'urorin da ke taimaka wa jirgi sauka cikin hazo, a riƙa duba su tun kafin hunturu ya shigo. Ga Shugaban Majalisar Wakilai, Alhaji Tajuddeen Abbas, wanda mu mutanen Zariya muka tura, ina roƙon ya kira wannan magana da sunan mazaɓarsa, domin in shi ya tambayi ma'aikatar sufurin jiragen sama halin da filin Kaduna yake ciki, za a ba shi amsa.

Amma wanda na fi sa rai da shi yana hannunmu a nan gida. Jami'a da asibitin koyarwa da cibiyoyin bincike da makarantun soja da ƙungiyar 'yan kasuwa, kowannensu ya san adadin baƙin da yake kawowa da ma'aikatan da yake turawa Legas a shekara. Kowa yana sayen tikitinsa shi kaɗai, shi ya sa kamfanoni ba su san nauyin Zariya ba. Da za su zauna wuri ɗaya, ko a inuwar fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, su haɗa wannan lissafi, su je wa kamfani ɗaya da shi su ce ga kujerun da muka ɗauki alkawari duk mako, kai kuma ka tsayar mana da ranaku da lokacin da ba za ka saɓa ba, na tabbata za a saurare su. Ko jirgi uku ne a mako, in dai mutum ya san ranar Litinin da safe zai tashi, zai tsara tafiyarsa a kai. Mu direbobin da muka rage a wannan layi muna da lambobin fasinjojinmu da littafin da muke rubuta shata, kuma duk ranar da aka kira wannan zama, za mu zo da su.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani direban shata,
Kwangila, Zariya.