Ga ƴan kwaya: waƙa ba kiɗa, irin ta St. Olaf

Ƴan'uwa, salama. Masu tambaya kan waƙa ba kiɗa, ga misali daga kwalejin Lutheran ta St. Olaf da ke Northfield, jihar Minnesota a Amurka. F. Melius Christiansen, haifaffen ƙasar Nowe, ya kafa kwayarta a 1912, a 1913 kuma suka je Nowe yin waƙa. Ɗansa Olaf ya gaje shi, sai Kenneth Jennings a 1968, sai Anton Armstrong a 1990.

Mutum 75 ne, murya huɗu, daga mafi siriri zuwa mafi kauri: sofurano, alto, teno da bas. Da ka suke rerawa, ba takarda, hannu riƙe da hannun na kusa.

A waƙa ba kiɗa, inda aka fi tuntuɓe shi ne saukar murya. Tunda babu molo ko fiyano da zai riƙe ku, numfashi na ƙarewa a dogon sauti, sai amo ya zame ƙasa ba ku sani ba. Kada layi guda ya shaƙi iska tare. Ku riƙa karɓa-karɓa. Buɗin baki a kan wasali ya zama iri ɗaya. Wanda kuma ba ya jin muryar maƙwabcinsa, to ya cika ƙara, ya sassauta.