Ba sai da data ake tura hotuna a cikin gida ba

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, don na lura mutane da yawa suna ƙona data a banza wajen tura abu daga ɗaki zuwa falo.

Ɗaukar hoton biki ce sana'ata. Kwamfuta biyu gare ni a gida, babbar da nake gyaran hoto da ita, da ta cinya wadda ƙanena yake zaɓen hotuna a kai. Da filas muke jigila tsakaninsu, har ranar da ya kwaso mana cutar kwamfuta ta ɓoye hotunan kamun wata amarya kaf. Ranar ban runtsa ba.

Sai na haɗa kwamfutocin biyu a kan rautar gida, wato na'urar da ke ba mu wifi, na buɗe folda ɗaya don rabawa. Shiru, ko ganin juna ba sa yi. Kwana biyu ina zargin rautar, ashe laifina ne. Ranar da na fara haɗa wifi na bar shi a Public, Windows kuwa ɓoye kwamfuta take yi a wannan tsari, ta ɗauka a tasha kake. Ina mayar da shi Private sai ga folda ta bayyana.

Murna ta koma ciki da aka ɗauke wuta. Da ta dawo, folda ta yi layar zana. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura lambarta, kuma in ta mutu ta tashi tana iya sake rabon. Babbar kwamfutar da ke kan 192.168.0.101 ta koma 103, wayar uwargida ta gaje tsohuwar lambar. Na shiga shafin rautar na keɓe wa babbar kwamfutar lamba ɗaya ta dindindin, magana ta ƙare.

Wani maƙwabci ya ce in kunna SMB1, wani tsohon tsarin raba folda na Windows, in huta. Na ƙi. Ta wannan tsohuwar ƙofar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta shiga a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Kalmar sirrin foldar ma ban cire ba, don almajiran unguwa ba su san kalmar sirrin wifi ɗina ba, amma samarin layin sun sani.

Jiya da daddare na kashe intanet ɗin gaba ɗaya don in gwada, hotunan ɗaurin aure suka wuce lafiya lau. Edita, da za ku ware mana shafi na irin waɗannan matsaloli da Hausa, da ni ne na farkon aiko da tambaya, don firintata har yau ta ƙi shiga sahu.

Naku,
Mai hoto daga Tudun Wada, Zariya