Godiya ga kamfanin Soundbrenner daga wani makaɗi mai gaggawa

Zuwa ga ma'aikatan Soundbrenner,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni makaɗin ganga ne, kuma na daɗe da wata cuta da ban san ina ɗauke da ita ba, wato gaggawa. Abokan kiɗana sun sha cewa da an zo amshi sai in ruga in bar su, ni kuwa in rantse kunnensu ne. Manhajarku ta metronom, wato abin da ke ba makaɗi bugu daidai da saurin da aka saita, ita ce ta raba gardama. Na saita ta a kan bugu 90 a minti ɗaya, na kama kiɗa, kafin baiti na biyu na yi mata nisa. Ranar na ji kunya ba kaɗan ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne wurin nan da ake taɓawa da yatsa. Mawaƙi na rerawa, ni ina ƙwanƙwasa fuskar waya, nan take lambar saurin ta fito. Da can sai mu yi ta "ɗan ƙara", "a'a, ya yi yawa", har rabin lokacin atisaye ya tafi a banza. Yanzu kowace waƙa da lambarta a jere cikin waya, har da bugun da za a ƙarfafa. A nan ne ma na gane kiɗa a hankali ya fi wuya. Duk mai musu ya gwada 60, bugu ɗaya kowace daƙiƙa, ya ji yadda hannu ke ƙaiƙayi kafin na gaba ya iso.

Na san metronom ba yau aka fara shi ba. Tun 1815 Johann Maelzel ya yi rajistar nasa mai sanda tana lilo, wanda sai an wana shi kamar tsohon agogo, an kuma nema masa tebur madaidaici. To amma da shi da lasifikar waya duk ganga haɗiye muryarsu take yi. Wannan ce matsalar da Pulse ɗinku ya kawar mini, ɗan abin nan mai kama da agogon hannu da ke girgiza a jiki maimakon ya yi ƙara. Ni a ƙafa nake ɗaura shi, tunda hannuwana ba sa zama wuri ɗaya.

Makon jiya da muka shiga amshi, mai jitarmu ya waiwayo yana jiran in ruga kamar kullum. Har muka kai ƙarshe yana jira.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Wani makaɗi da ya daina rantsuwa