Shawara Ga 'Yan Matanmu Masu Neman Jami'ar Gimbiya Nura

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana da 'yan matanmu Hausawa mazauna Makka da Jidda da ke sha'awar shiga Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad, inda 'yata take karatu yanzu.

Jami'ar ta mata ce zalla, an sa mata sunan 'yar uwar Sarki Abdul'aziz, kuma an buɗe sabuwar harabarta a 2011. Girman harabar ya kai ga ɗalibai suna shiga jirgin ƙasa marar direba daga wata tsangaya zuwa wata, kuma akwai asibitin koyarwa a ciki. Ranar da na kai 'yata, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon yadda 'yan mata suke naɗe abaya su jefa a jaka da zarar sun shiga, hankalinsu kwance. Wannan ya sanyaya mini zuciya ƙwarai.

Sai dai rayuwar ba hutu ba ce. Kewar gida tana da zafi, musamman a watan azumi, lokacin da yarinyar da ta saba buɗa-baki da kunun tsamiyar mahaifiyarta za ta zauna da dabino da shinkafar kabsa cikin baƙin fuska.

Ina kira ga iyaye su sabunta iƙamar 'ya'yansu, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da wuri, su kuma tsaya musu kan jarrabawar Ƙudurat da Tahsili, wato jarrabawar neman shiga jami'a a Saudiyya, domin sakacin sabunta iƙama ya kusa jawo wa tawa asarar shekara guda.

Wassalam,
Wata uwa daga Makka